Ambrose Bai Taɓa Zuwa a Kan Lokaci Ba

Ƙarfe tara na safe, ko me ake ciki, Delma Tierney za ta ajiye abin da ke hannunta ta nufi ma'aunin ruwan sama da ke kafe a bayan kicin. Ta cire mazurari, ta zaro kwalbar, ta ɗaga ta sama ta duba kamar mai tsammanin wani abu ya maƙale a gindi. Ba komai sai jar ƙasa da gawar ƙuda. Ta busa, ta mayar, ta koma ciki ta rubuta sifili a takardar da take aika wa masu hasashen yanayi duk ƙarshen wata. Shekara talatin da ɗaya tana wannan aiki na sa kai. In ka ce mata, "Haba Malama, sama fes haka, me za ki dubo?" sai ta kalle ka ta saman tabarau ta ce sifilin da aka fita aka duba daban yake da wanda aka zauna a ɗaki aka ƙaga.

Malama muke ce mata duk yankin nan, daga Quilpie har iyakar shinge na ƙarshe, ko da yake rabonta da riƙe alli ya haura shekara arba'in. Daga Toowoomba ta zo tana 'yar shekara ashirin da biyu, da akwati ɗaya da niyyar ta koyar shekara biyu ta koma inda itatuwa ke da inuwar kirki. Tankin ruwan makaranta ne ya hana ta komawa. Ya fara yoyo, aka ce akwai wani Ambrose Tierney, ɗan masu gandun shanu a hayin rafin Wilparoo, ya iya aikin ƙarfe, zai zo ranar Litinin. Ya zo ranar Alhamis. Dogo ne mai faɗin kunne, ya tsaya a ƙofar aji da hula a hannu yana murmushi kamar wanda ya yi sammako. Ta wanke shi tas a gaban yara. Ya saurara har ta kai aya, ya ce, "Gaskiyarki, Malama," ya je ya liƙe tankin. Daga ranar bai sake kiran ta da wani suna ba, mu ma a bakinsa muka ɗauka.

Kada wani ya ce malalaci ne, don za mu ɓata da shi. Shi dai Ambrose Allah bai yi shi da iya wuce ƙofar mutum ba. Ka aike shi gari sayo gishiri, zai dawo da gishirin, amma sai ya biya ta gida uku: ya gyara wa wannan famfo, ya ciro wa wancan saniya daga laka, ya zauna shan shayi da wata tsohuwa da ba ta ga fuskar mutum ba tun watan jiya. Kowa a yankin nan yana da labarin ranar da Ambrose ya fitar da shi daga wahala. Delma kuwa tana da labarin abincin da ya huce a tebur a duk waɗannan ranaku.

Ɗaurin aurensu ma sai da ya makara kwana biyu. An yi ruwa can arewa, rafin Wilparoo ya kawo ya raba shi da hanya. Mahaifin Delma ya riga ya fara haɗa kaya yana cewa daman bai yarda da kunnuwan yaron nan ba. Rana ta uku sai ga ango a ƙofar coci, takalma rataye a wuya, kwat ɗin aure a naɗe cikin tamfol a kansa, laka har gwiwa. Ita tana kuka tana masifa, shi kuwa abin da ya fara cewa bayan "Gaskiyarki, Malama" shi ne, "Amma ki bari ki ga ciyawar da za a yi bana."

Bai yi ƙarya ba. Wilparoo rafi ne da ya fi yawan shekarunsa a matsayin yashi, yana tsakanin gidan Tierney da babbar hanya. Amma in ya kawo, da ya iso fadamar da ke ƙasa da gidan sai ya rarrabu, ya bazu, ya kwanta a kan ƙasa kwanaki yana jiƙa ta. Bayan mako biyu ciyawa ta taso har ta taɓa cikin saniya. A wannan ciyawa Delma ta fara ganin jajayen shanun Tierney, jinsin da mahaifin Ambrose ya koro daga kudu da ƙafa, kuma ba ta sake maganar Toowoomba ba. Shekara arba'in da ɗaya suka yi a gidan nan mai rufin kwano. Suka haifi 'ya ɗaya, Roslyn, wadda ta girma ta ce ita ta gaji da ƙudaje da jiran sama, ta auri mai jirgin kamun jatan lande a Karumba, can bakin tekun arewa.

Kowa ya san daga inda ruwan bazararmu yake zuwa in zai zo da gaske. Sai teku ya yi zafi can arewa bayan Kirsimeti, hadari ya taru ya fara murɗawa har ya zama guguwa. Ta hau tudu ta yi ɓarnar da za ta yi, ƙarfinta ya ƙare, sannan ta ja ragowar gajimarenta ta gangaro mana kudu. Mutanen gaɓa suna buga katako a tagogi, mu nan muna wanke ma'auni. Ba abin alfahari ba ne, amma haka yake. Kuma kowace guguwa sai ta kai wani ƙarfi kafin a raɗa mata suna. Kafin nan lamba ce kawai a taswira. Sunayen kuwa a jere suke tun tuni, namiji da mace, namiji da mace, ana bin su ɗaya bayan ɗaya.

Shekara tara da suka wuce, Wally Pascoe, direban tirelar shanu kuma abokin Ambrose tun suna gajeren wando, ya shigo kicin ɗin Delma yana kaɗa wata takarda. Jerin sunayen ne gaba ɗaya, kuma can ƙasa, a tsakanin sunayen mutanen da ba wanda ya sani, ga Ambrose ɓaro-ɓaro. Ranar Ambrose bai yi aikin kirki ba. Ya manna takardar a jikin firji, ya ɗaura fensir da zare a gefenta. Duk guguwar da aka raɗa wa suna, ko a wane gefen ƙasar ta tashi, sai ya zo ya soke sunan ya ƙirga saura.

"Malama," ya ce, "ranar da layi ya zo kaina, ki fitar da duk bokitin gidan nan. Zan cika miki tafki, zan cika miki rafi, sai kin roƙe ni in tsaya."

"Kai ɗin?" ta ce, ba ta ko ɗago daga kwaɓin burodi ba. "Kai da za a ce ka zo Litinin ka zo Alhamis? Kafin ka iso shanu sun mutu."

"Zan zo dai. Yaushe na taɓa ƙin zuwa?"

Saura suna talatin da biyu ya rasu. Ya fita duba shinge da safe ya ce zai dawo cin abincin rana. Rana ta take, ta karkata, Delma tana ta mita ita kaɗai, ta rufe abincinsa da faranti, ta ci nata. Ko kaɗan ba ta damu ba, don me za ta damu? Sai wajen ƙarfe huɗu ta ɗauki mota ta bi layin shinge da masifarta a baki. Ta same shi zaune a gindin bishiyar mulga, ya jingina, hula a kan fuska. Likita ya ce zuciya ce, kuma tun kafin azahar. Ya ce ko ta zo da wuri ba abin da za ta iya. Ta ji, ta gode masa, amma har yau in ta tuna cewa ta zauna ta cinye abincinta tana zagin sa, sai ta ajiye cokali.

Takardar ba ta cire ta daga firji ba. Ta ci gaba da soke sunaye da fensirinsa.

Farin nan da muke ciki yanzu ya shiga shekara ta huɗu. Tafkin gida ya tsage kamar tafin ƙafar tsoho, rijiyar burtsatse kaɗai ke riƙe da rai. Shanu ɗari tara Ambrose ya bari. Aka yi ta ragewa, tirela bayan tirela, har saura mata arba'in da uku, zaɓaɓɓun mata, waɗanda in suka tafi jinsin ya ƙare. Ciyawa kuwa an manta kamanninta. Abin da suke ci shi ne ganyen mulga, kuma saniya ba ta hawa bishiya. Don haka kullum da sanyin safiya Delma, mai shekara sittin da tara, take ɗora injin yankan itace a bayan mota ta shiga daji ta kayar musu da rassa. Shanun sun haddace ƙarar injin. Da ta ja igiya ya ɗauka, za ka ga ƙura ta taso daga nesa, suna tahowa da ɗan gudun da ya rage musu, wata tsohuwa mai yankakken kunne a gaba. Delma ta ce ba ta taɓa samun ɗaliban da ke amsa ƙararrawa da sauri haka ba.

Amma kafaɗarta ta dama ta fara ƙin ɗaga injin, kuma mulgar da ke kusa da ruwa ta ƙare, kullum sai an ƙara nisa. Da Roslyn ta zo Kirsimeti ta ga uwarta tana ɗaura maɓallin riga da hannu ɗaya, aka zauna aka yi maganar da aka daɗe ana kauce wa. In ba a yi ruwa ba zuwa ƙarshen Janairu, Wally zai zo ya kwashe shanun, a sa gandun a kasuwa, Delma ta koma Karumba. Har an yi wa ɗakinta fenti, tagarsa na kallon teku. Delma ta amince don ba ta da hujja. Da suka tafi ta tsaya a gaban firji ta daɗe. Wata guguwa can yamma mai nisa, wadda ba ta amfani kowa ba, ta cinye sunan da ke gaban na Ambrose. Ba sauran kowa tsakaninsa da layi.

Ranar ashirin ga Janairu oba-obar kicin ta yi ƙara, muryar Wally ta fito tana rawa don daɗi.

"Malama, kina ji na? Mijinki fa ya fara motsi a teku."

"Ba a ba shi suna ba, Wally. Lamba ce."

"Wace lamba! Kwana uku yana zagaye wuri ɗaya, ya nufi gabas ya fasa, ya nufi yamma ya tsaya. Wa kika sani mai wannan hali?"

"Ka je ka duba tayoyinka, tsoho. Ka bar ni in yi aiki."

Ta kashe, ta fita, ta wanke kwalbar ma'auni da sabulu, abin da ba ta yi ba tun bara.

Kwana biyu bayan haka aka raɗa masa suna. Tana cikin daji ta kashe inji don ta huta, rediyon mota yana magana, sai ta ji mai karanta labarai ya ce Ambrose yana tafiya a hankali, kuma ana sa ran zai juya kudu. Ta zauna a kan reshen da ta kayar. Shekara uku ba ta ji an faɗi sunan nan ba sai da "marigayi" a gabansa, ba ta ji an ce yana yin wani abu ba sai dai ya yi. Yau ga wani yaro a birni, wanda bai taɓa ganin kunnuwansa ba, yana cewa Ambrose ya ƙara ƙarfi, Ambrose ya rage gudu, ba a san inda Ambrose zai sauka ba. Kewarsa ta taso mata gaba ɗaya, irin wadda ta zaci ta riga ta wuce. Ta yi kuka sosai a wurin, shanu suna ta cin ganye a gefenta. Daga ranar rediyon bai ƙara mutuwa ba. Har bakin rijiya take tafiya da shi a aljihu.

Da yamma Roslyn ta bugo waya. Ana jin iska da bugun guduma a bayanta. Sun kai jirgi cikin wani lungun rafi sun ɗaure da igiya shida, yanzu tagogi suke rufewa.

"Mama, na san abin da kike roƙo."

"Ni ban roƙi komai ba."

"Kin roƙa mana, ina ji a muryarki. Mu muna nan muna ɗaure jirgi, ke kina can kina wanke kwalba."

Kunya ta kama Delma. Can ta ce, "Na roƙi ya bi ta gefenku, 'yar nan. Ya wuce salin-alin kada ya tsaya."

"Baba ne fa, Mama. Yaushe ya taɓa wuce ƙofar mutum bai tsaya ba?"

Suka yi dariya har ta juye ta zama wani abu, kowacce ta yi kamar layin ne ba kyau.

Washegari ta kira Wally ta ce ya ɗaga zuwansa da mako ɗaya. Wannan karon bai yi wasa ba.

"Malama, na ga shanun nan makon jiya. In suka ƙara ramewa ba za su iya tsayuwa a tirela ba, kuma saniyar da ba ta tsayuwa ba na ɗaukar ta, kin sani. Kada ki rasa su a hanya biyu."

"Mako ɗaya na ce."

"Don Allah kada ki ce saboda takardar firjin nan ne. Ni na kawo ta, wasa ne."

"Shi bai ɗauke ta wasa ba."

Wally ya ja numfashi ya ce to.

Ambrose ya hau tudu yamma da Karumba. Ya ɗauke rufin rumfar ajiyar su Roslyn ya kai gidan maƙwabta, ya kayar da bishiyar mangwaro, ya bar jirgi lafiya, ba wanda ya ji ciwo. Delma ta gode wa Allah da zuciya ɗaya, sannan ta juya ta zuba wa arewa ido. Da ya shigo cikin ƙasa ƙarfinsa ya ragu, masu labarai suka fara ce masa tsohuwar guguwa, abin da ya ɓata mata rai ƙwarai. Ya gangaro kudu yana jan ƙafa. Ya tsaya a kan wani yanki kwana biyu ya cika musu tafkuna. Ya karkata gabas ya shayar da wasu da ba su ma kai mu buƙata ba. Kullum da safe ana kiran sunayen garuruwa da yawan ruwan da suka samu, kullum sunayen suna matsowa kusa.

Ranar Talata da la'asar arewa ta yi baƙi ƙirin. Iska ta tsaya cik, tururuwa suka fito suna hawa bango, akun daji suka cika wayar shinge suna ihu. Delma ta yi duk abin da muke yi don jan hankalin ruwa: ta wanke zannuwan gado ta shanya a waje, ta sauke gilasan mota ta bar su a buɗe, ta bar buhun siminti a tsakar gida. Sannan ta tuna, ta fitar da duk bokitin gidan ta jera a ƙarƙashin indararo. Ta ɗauko kujera ta zauna a baranda da rigarta mai kyau. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya iso daga wani wuri. Aka yi walƙiya, aka yi tsawa. Ɗigo ya faɗi a kan kwano, ta ƙirga: ɗaya, biyu, har bakwai. Daga nan iska ta taso daga kudu, busasshiya, ta tattara hadarin ta tura shi gabas. Kafin rana ta faɗi sama ta koma fes.

Da tara na safe ta zaro kwalbar. Ba abin da za a auna. Akwai kalmar da ake rubutawa in an ga ruwa da ido amma bai taru ba, ta rubuta ta: alama. Ta kwashe zannuwanta, sun bushe ƙayau, sun yi ja da ƙura.

An ce an yi ruwa mai yawa a kan duwatsun da Wilparoo ke farowa, kilomita ɗari biyu da wani abu daga nan. Ba wanda ya ɗaga kai. Sau biyu a farin nan rafin yana tasowa daga can, yashi da busassun gurabe suna shanye shi tun bai yi rabin hanya ba. A makon da ya biyo baya, wanda ta roƙa a ƙara, shanu biyu suka kwanta suka kasa tashi. Delma ta ɗauko bindiga ta yi abin da ya wajaba, ta san kuma da ta bar Wally ya zo ranar da aka sa, da suna raye. Ta dawo gida ta cire takardar daga firji. Ta ɗauki fensir za ta soke sunan, ta kasa, ta jefa su duka a aljihun tebur. Ta kira Wally ta ce ya zo Asabar, ƙarfe bakwai.

Ranar Juma'a sai an tara shanu a shingen lodi da ke bayan gida. Ba ta da doki yanzu, ba ta da kare, ba ta da ƙarfin kora. Amma ta san abin da zai kawo su. Ta tsaya a tsakiyar shingen, inda ko kara ɗaya babu balle bishiya, ta ɗora injin a ƙasa ta taka shi da ƙafa ta ja igiya da hannun hagu. Ya ɗauka. Ta bar shi yana ta ihu a banza. Ba a jima ba ƙura ta taso, sai ga su, mai yankakken kunne a gaba, suna tuntuɓe suna sauri. Suka shigo ta ƙofa ɗaya bayan ɗaya, arba'in da ɗaya, suka tsaya suna waige-waige suna neman ganye. Ta kashe injin ta rufe ƙofa. Tsohuwar saniyar ta matso ta shinshina hannunta. Delma ta watsa musu ragowar harawar da ta ɓoye, ba ta iya kallon su ba. A duk shekarunta ba ta taɓa jin ta ci amanar wani kamar ranar ba.

Asabar ƙarfe bakwai ba Wally. Takwas ba Wally. Shanu suna kuka a shinge, rana ta fara cizo. Da tara ta yi ta je ta duba ma'auni, ta rubuta sifili, tana cewa a ranta duk mazan yankin nan uwa ɗaya ta haife su. Tana ajiye alƙalami oba-oba ta yi ƙara.

"Malama."

"Ka makara awa biyu, Wally Pascoe. Shanuna suna tsaye a rana."

"Ba ni na makara ba. Ɗauko mota ki zo mashigi."

"Tayar ce ta fashe? Ai na ce ka duba."

"Ki zo dai, Malama. Ki taho da oba-obar hannu."

Kilomita takwas ne daga gidan zuwa inda hanya ke ratsa Wilparoo. Sama shuɗiya, ko gajimaren rantsuwa babu. Tun saura kilomita ɗaya ta ji ƙamshin, ta ɗauka hancinta ne ke mata wasa. Sai ta ga tsuntsaye. Sai ta hau ɗan tudun ƙarshe ta taka birki.

Inda ta saba ganin farin yashi, ruwa ne ja mai kauri, yana tafe a hankali ba gaggawa, yana ture kumfa da karare da busasshen kashin shanu a gabansa. Ya shafe hanya, ya haura sandar awon zurfin ruwa har rabi, gefensa yana lasar ƙasa yana ƙara faɗi tana kallo. Can ƙetare ga tirelar Wally a tsaye, shi kuma a gabanta, ɗan mitsitsi, ya cire hula ya riƙe a ƙirji. Ruwan ya yi kwana goma sha ɗaya a hanya. Ya tsaya ya cika kowane gurbi, kowane tafki, kowane rami na kowane gandu da ke sama da su, bai wuce ko ɗaya ba, sannan ya iso. Kuma kansa ya riga ya karkata ya nufi fadamar da ke ƙasa da gidanta.

Oba-oba ta yi ƙara a hannunta. "Ya tare ni, Malama," in ji Wally, muryarsa ba daidai ba. "Ya ce ba inda za su. Ko mako biyu ba na jin tirela za ta ƙetare nan."

Delma ta buɗe ƙofar mota. Ta sauko, ta cire takalma ta ajiye a kan mota, ta taka har bakin ruwan ta shiga. Da ɗumi, kamar shayin da aka manta. Ya kai mata idon sawu, ya kai ƙwauri, ya jiƙa bakin wandonta.

"Sai yanzu?" ta ce. "Sai yanzu, Ambrose? Na fitar da bokiti, na sa rigata, na zauna kamar wata sakarya, ka aiko mini ɗigo bakwai. Ta ina ka biyo? Gidan wa da wa ka tsaya? Shanu biyu na harbe da hannuna. Jiya na yi wa sauran ƙarya. Kullum kowa ne farko, ni ce ƙarshe. Shekara uku ina..."

Muryarta ta ƙare a nan. Ta tsaya tana jira, kamar yadda ta saba jira in ta kai aya. Ruwan ya ci gaba da wucewa ta tsakanin ƙafafunta.

Ba ta san babban yatsanta yana kan maɓallin oba-oba ba sai da ta sassauta hannu. Sai muryar Wally ta fito ƙasa-ƙasa.

"Gaskiyarki, Malama."

Ta share fuska da bayan hannu, ta danna maɓallin. "Ba da kai nake ba, Wally."

"Na sani."

Ta ƙara tsayawa kaɗan ko za ta ji wani abu. Da rana ta fara ƙona mata wuya, ta fito ta ɗauki takalmanta, ta juya mota, ta koma ta buɗe wa shanu ƙofa.